Sunan Abin da Ya Wuce Wa'adinsa a Bakin Bature

A zauren gidanmu da ke Zangon Kumasi akwai wani baƙin keken ɗinki ƙirar Singer, irin wanda ake takawa da ƙafa. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya saye shi, kuma ko a wancan lokacin ba sabo ba ne, a hannun wani tela da ke shirin komawa gida ya same shi. Labarin da muka tashi muka tarar shi ne, ya saya ne don ya riƙa lallaɓawa kafin ya tara kuɗin sabo. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sayi sabon ba. Ya yi ɗinki da shi har idanunsa suka gaza, mahaifinmu ya gada, yanzu kuma babban yayanmu ne ke kansa, duk jajibirin salla sai an kwana ana jin ƙararsa har bakin titi. Adon ruwan zinariyar da ke jikinsa ya goge, igiyar fatar da ke juya shi an sauya ta ba adadi, amma ƙarfen yana nan daram.

Wannan keke ne ya jawo mana muhawarar da muke son ba ku labarinta. Wata rana bayan magariba muna zaune mu huɗu, 'ya'yan gidan, sai 'yar yayanmu da ke ƙaramar sakandare ta shigo da littafinta. Ta durƙusa ta gaishe mu, sannan ta ce, "Baffa, Gwaggo, an ba mu aikin gida. Malami ya ce mu kawo kalmar Turanci guda ɗaya da ake kiran abin da ya daɗe fiye da yadda aka zata, kuma mu kawo misali daga gidanmu." Misali kam ba mu sha wahalarsa ba, duk muka juya muka dubi keken. Kalmar ce ta tsaya mana a wuya.

Mu da muka yi karatunmu kaf da Turanci, muke cika takardun gwamnati da shi, muke ciniki da shi a Kejetia idan Asantanci ya gaza mu, mun ɗauka abin na minti ɗaya ne. Ɗayanmu ya ce ta rubuta durable. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce ai wani ya faɗi haka a aji, malami ya ce wannan sunan abin da aka yi shi don ya daɗe ne tun farko, shi kuwa abin da ya ba mutane mamaki yake nema. Muka yi shiru, don malamin ya fi mu gaskiya. Durable daga Latin ta fito, daga tushen da ke nufin tauri, kuma 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru sun san ta sarai, don ita ce dai a Faransanci, harafi bai sauya ba. Abin da muke kira ƙarko ke nan, ko ƙwari. Mai sayar da bokiti ya ce maka bokitinsa durable ne, alkawari ya yi maka tun kafin ka saya. In bokitin ya shekara goma, alkawari ya cika, ba wanda zai riƙe baki.

Sai muka ɗauko tsohon ƙamus ɗin mahaifinmu, wanda shi kansa bangonsa ya rabu da jikinsa tun muna firamare. Abin da muka fara cin karo da shi ya sa ɗayanmu dariya. Kalmar last, wadda Bature ke cewa idan abu ya ɗore, asalinta a tsohon Turanci bin sawu take nufi. Daga tushe ɗaya ta fito da sunan icen nan mai siffar ƙafa da masu ɗinkin takalmi ke ɗora fata a kai, shi ma last suke ce masa. Wato a can farko, abin da ya ɗore shi ne wanda ya bi sawunka bai tsaya a hanya ba. Mu jikokin fatake wannan ma'ana ta kwanta mana a rai, don mun san jakin kirki shi ne wanda aka taso da shi daga Kano aka iso Gwanja yana biye.

A kan wannan last ɗin Turawa suka liƙa ɗan ƙaramin ɗafa-goshi, out, suka sami outlast. Haka suka yi wa rayuwa suka sami outlive, suka yi wa zama suka sami outstay. Ɗafa-goshin nan gasa yake kawowa cikin magana, ba a outlast a banza sai an sami wanda aka bari a baya. Keken kakanmu ya ga bayan kakanmu, ya ga bayan shagon da aka fara ajiye shi, ya ga bayan kekuna biyu masu aiki da lantarki da yayanmu ya saya yana ɗokin zamani. Duk wannan Bature zai tattara shi cikin kalma ɗaya. Mun yarda a nan harshensu ya yi dabara, mu sai mun yi jimla guda kafin mu faɗi abin da ɗafa-goshi mai harafi uku ya faɗa.

Da a nan muka tsaya da yarinya ta tafi ta kwanta da wuri. Amma ƙamus kamar kasuwa ne, ka shiga sayen allura ka fito da tabarma. Muna ta buɗe shafi, sai muka lura da wani abu da ya fi aikin gidan girma: kalmomin nan ba tsawon lokaci suke aunawa ba, zuciyar mai magana suke nunawa. Shekara talatin ɗin nan guda, wani zai kira ta da kalmar yabo, wani da kalmar ƙosawa, dangane da ko yana murna da abin ya daɗe ko kuwa ya matsu ya ga ƙarshensa.

Ga na yabo nan birjik. Hardy suke ce wa tsiron da sanyin ƙasarsu bai kashe ba. Evergreen itace ne da ba ya zubar da ganye a hunturu, daga nan suka ara wa waƙa ko littafin da ba ya tsufa, abin da mu za mu ce da tsohuwar zuma ake magani. Perennial tsiron da ke sake tohowa kowace shekara ba tare da an sake shuka shi ba. Long-running kuwa na wasan kwaikwayo ne, kuma babban misalinsu shi ne wasan Agatha Christie mai suna The Mousetrap, wanda aka fara nunawa a Landan a 1952, ita kanta marubuciyar ba ta zaci zai kai shekara ba, sai ga shi an yi ta nuna shi ba hutu har annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, da aka buɗe kuma ya ci gaba. Akwai die-hard, wadda ta fi sauran jini a jiki. Ta yi suna ne daga yaƙin Albuera a ƙasar Sifen a 1811, inda wani kanar ɗin Ingila, William Inglis, yana kwance da rauni ya yi ta kiran sojojinsa da kada su mutu da arha, har laƙabin ya bi rundunar tasu. Yau kuwa mai goyon bayan Asante Kotoko da ba ya sauya sheƙa ko an ci su nawa, shi ake kira haka, kuma muna da irinsu biyu a gidan nan.

A cikin labaran da suka dace da tambayar malamin ba mu ga kamar na wata na'ura da Amurkawa suka saukar a duniyar Mars a watan Janairun 2004 ba, mai suna Opportunity. Kwana 90 aka ɗiba mata. Ta yi ta yawo tana aiko da hotuna har watan Yunin 2018, lokacin da wata gagarumar guguwar ƙura ta rufe mata hasken ranar da take samun ƙarfi da shi. Fiye da shekara 14 ke nan. Da muka ba yarinyar wannan labari sai ta ce, "Ashe ita ma keken Kaka ce." Ba wanda ya musa mata.

Ɗaya ɓangaren shi ya fi tsayar da mu. Linger 'yar uwar long ce, tsawo, kuma tana iya zama mai daɗi, kamar ƙamshin turaren wuta da ya rage a ɗaki bayan an kwashe kasko. Amma ita ce kuma kalmar da suke faɗa wa ciwon da ya ƙi tafiya, da majinyacin da likita ya ɗebe tsammani amma rai bai fita ba. Duk wanda ya yi jinyar tsoho ya san wannan zaman. Mun yi na mahaifinmu wata goma sha ɗaya bayan an ce mana mu koma gida mu yi ta addu'a, kuma ba mu taɓa jin cewa ya daɗe ba, kowace safiya kyauta muka ɗauke ta. Da wani ya rubuta mana a takarda cewa he lingered, da mun ji zafi, ko da yake bai yi kuskuren nahawu ba. Mu abin da muke cewa shi ne yana da sauran kwana, ko yana da sauran shan ruwa a gaba. A cikin wannan magana tamu ba wanda ya yi kuskuren lissafi, don lissafin tun farko ba a hannun ɗan Adam yake ba. Kalmar Bature kuwa tana ɗauke da agogon wani a cikinta, wani ya sa lokaci, lokacin ya wuce, yana tsaye yana duban agogo.

Daga nan sai drag on, abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kamar shari'ar gado. Sai interminable, marar iyaka, wadda suke jifan dogon jawabi da ita. Sai chronic ta likitoci. Sai protracted, wadda tushenta ɗaya da tarakta, jan abu a ƙasa har ya yi tsawo. Wannan ta ƙarshe hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da ita kalmar aiki: idan mutum 25,000 ko fiye daga ƙasa ɗaya suka shekara biyar suna gudun hijira a wata ƙasa, sai a kira halinsu da ita. A nan Ghana mun ga Buduburam a kan hanyar Akra zuwa Cape Coast, sansanin da aka buɗe wa 'yan Laberiya a 1990, aka haifi yara a ciki, yaran suka girma suka haifi nasu, bayan shekara 30 da mutane a wurin. A Kamaru akwai Minawao, da aka buɗe a 2013 don waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya. Waɗanda suka shiga da tabarma ɗaya suna cewa gobe ko jibi za su koma, su ne ake rubuta wa wannan kalma a rahoto.

Abin dariya kuma abin tausayi shi ne, kalmomin da suka fi kowa daɗewa a Turanci su ne waɗanda aka yi don su ce abu ba zai daɗe ba. Temporary, interim, provisional, stopgap, duk na wucin gadi ne ko riƙon ƙwarya. Harajin kuɗin shiga na Ingila, firayim minista William Pitt ne ya ƙirƙiro shi a 1799 don biyan kuɗin yaƙi da Faransa. An soke shi a 1816 da yaƙin ya ƙare, Robert Peel ya dawo da shi a 1842, shi ma da sunan na ɗan lokaci, kuma har yau majalisarsu sai ta sabunta shi duk shekara kamar baƙon da ake ƙara wa kwana. Bayan yaƙin duniya na biyu sun kakkafa ƙananan gidaje fiye da 150,000 da aka ƙera a masana'antu, prefab suke ce musu, da niyyar su yi kimanin shekara 10 kafin a gina na gaske. Wasu mutane sun tsufa a cikinsu, da aka zo rushewa bayan shekara 60 har faɗa suka yi don a bar musu.

Ba sai mun je Ingila ba ma. Babu unguwar zango da ba ta da wanda ya sa shuɗiyar hula ya tafi Labanan aikin kiyaye zaman lafiya, ya dawo da rediyo da kuɗin bulo. Rundunar da suka yi wa aiki, UNIFIL, harafin I da ke cikin sunanta interim yake nufi. An kafa ta a 1978, sojojin Ghana suka shiga a 1979, kuma riƙon ƙwaryar ya haura shekara 40, har uba ya je ɗansa ma ya je. Haka gwamnatin PNDC da ta karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1981, harafinta na farko provisional ne, ta kuwa yi shekara 11 kafin a koma mulkin farar hula a watan Janairun 1993. Ba siyasa muke yi ba, kalma muke bi.

Muna cikin wannan sai yayarmu, wadda tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta ce, "To ku da kuke dariyar Turawa, ina kuke zaune?" Sai aka yi tsit. Zango. Zango fa a Hausa wurin da ayari ke sauke kaya ne ya kwana, gari ya waye a ɗaura wa jakuna a wuce. Kakanninmu goro ya kawo su, suka riƙa sauka a Salaga, da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga sai suka gangaro kudu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu Akra. Ba wanda ya zo da niyyar a binne shi a nan. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, kuma sun ɗauki kansu raɓar. Yau an fi shekara ɗari, raɓar ba ta bushe ba, ta gina masallatai da makarantu, ta haifi 'yan majalisa da 'yan ƙwallo, har a 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata da asusu masu ɗauke da sunan zango. Ashe amsar aikin gidan yarinyar ba keke kaɗai ba ne, har da ita kanta da mu da muke taya ta nema.

A nan ne zaɓen kalma ya daina zama wasan ƙamus. Akwai overstay, wadda take kama da outstay kamar tagwaye. Bature yana cewa baƙo ya outstay marabarsa idan ya zauna har masu gida suka fara hamma. Overstay kuwa ta ofishin shige da fice ce, wanda ya wuce kwanakin da aka buga masa a fasfo, kuma hukunci ke bin bayanta. Dattawan unguwarmu ba su manta da ranar 18 ga Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta fitar da dokar da ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka tafi, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Sakkwato ko Dosso da ido ba. Aka sayar da gidaje da kuɗin akuya. Mahaifiyarmu ta sha ba mu labarin yadda kakanmu ya naɗe keken nan da buhu ya kai wa wani maƙwabcinsa Ba'asante ajiya, don bai san ko za a bar shi ba. An bar shi, ya je ya karɓo kayansa. A 1983 kuma Najeriya ta yi wa 'yan Ghana irin wannan kora, abin ya zama ramuwar da ba ta amfani kowa ba.

Unguwa ɗaya ce, shekarun nan ɗaya ne. Wanda ya so mu zai rubuta long-established, wato masu tsohon tushe, ko ya ce enduring, masu jimiri. Wanda bai so mu ba zai nemi kalma daga dangin overstay, ko ya ce holdover, ragowar wani zamani da aka manta ba a kwashe ba. Har yau idan ɗanmu ya je neman wata takarda aka dubi sunansa aka ce ya kawo shaidar inda kakansa ya fito, mun san daga wane shafin ƙamus mai tambayar yake karatu, ko da bai furta ba. Shi ya sa muke ganin yaranmu su san kalmomin nan da kyau, su san wadda ke yabo da wadda ke kora, don a ofis da kotu da jarida da Turanci ake yanke mana hukunci, ba da Hausa ba.

Muna da ƙorafi ɗaya a kan Turancin kansa, ko da yake ba mu da wurin kai shi. Duk yawan kalmomin nan, ba mu sami guda ɗaya tak da ta haɗa daɗewa da mamaki da godiya wuri ɗaya ba. Outlast tana da gasa amma ba ta da godiya. Durable ba ta da mamaki. Survivor ta matso kusa, sai dai tana buƙatar wata masifa da aka tsallake. Mahaifiyarmu, wadda ba ta jin Turanci sai na gaisuwa, tana daga ƙofar ɗaki tana sauraronmu, da aka fassara mata abin da ake nema sai ta ce, "Albarka ke nan. Kuɗin da aka sayi keken nan na halal ne." Muka duba blessing a ƙamus, muka ga ba ta kai ba, don ba a cewa buhun shinkafa ya yi blessing idan ya kai ƙarshen wata bayan an zata zai ƙare a tsakiya.

Dare ya yi nisa, yarinya ta fara gyangyaɗi a kan littafi. Muka daidaita a kan outlast, ta rubuta jimla cewa keken kakan babanta ya ga bayan kekuna biyu na lantarki, ta sa sunan Singer da babban harafi. Washegari ta dawo ta ce malami ya karɓa, amma ya ce kalmar da ke ransa ita ce long-lived, ya kuma rage mata maki ɗaya don ta kawo aikatau a inda ya nemi sifa. Yayanmu ya ce a bar malami da makinsa. Yana faɗar haka yana kwance igiyar keken, wadda ta sake tsinkewa da rana tsaka da ɗinkin wata amarya, ya ba ƙaramin cikinmu sidi ashirin ya ce ya biya Kejetia ya sayo sabuwa, ta fata, kada ya yarda a ba shi ta roba.